Likkafanin da Na Ajiye Wa Kaina

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Na sha faɗar wannan kalma a kan iyaye da miji da ƙawaye, amma ba ta taɓa yi wa harshena nauyi ba sai ranar Talata, sha ɗaya ga watan Fabrairu, wadda ta zo daidai da sha biyu ga watan Sha'aban. Ina zaune a kicin ɗin 'yata Latifa a unguwar Withington ta Manchester ina gyaran alayyafo, sai wayarta ta yi ƙara. Na ga ta miƙe tsaye ta ce "A'a," ta sake cewa "A'a," sannan ta zame ta zauna a ƙasa, ita da take likita, wadda isar da mugun labari ya zame mata aikin yau da gobe. Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Hajiya, Sha'aban." Na ce, "Me ja'irin ya yi kuma?" Wallahi abin da na faɗa ke nan. Ko da ta ce ya rasu, sai na ci gaba da tsinke ganyen da ke hannuna, don kunnena ya ji, amma sauran jikina bai ji ba.

Wai ya fito daga ɗakin karatu na jami'arsu a Birmingham bayan azahar, ya yanke jiki ya faɗi a kan matakala, zuciya ta tsaya. Shekararsa talatin da ɗaya. Ba zazzaɓi, ba ciwon kai. Da safiyar ranar ma sai da ya turo min saƙon murya wai in rage cin goro, haƙoran da suka rage min su samu su huta. Saƙon yana nan a wayata. Ban goge ba, ban kuma iya sake saurara ba.

Ga wanda bai san ni ba, ni ce Kubura, kakar marigayin ta wajen uba. Duk wanda ya taɓa zuwa taron Sallah na 'yan gida a Manchester ya san wata tsohuwa mai surutu da take kiran wani dogon yaro mai tabarau "maigida." To, ni ce, shi ne kuma yaron. Tun yana tatata nake kiransa mijina, irin wasan kaka da jika, shi kuma yana ce min uwargida. Yanzu ku bar ni in yi magana da shi, don akwai zance tsakaninmu.

Sha'aban, miji marar alkawari, haka muka yi da kai?

Ka tuna lokacin da na sauka a ƙasar nan don in taya Latifa renon 'ya'ya. Akwati biyu na zo da su. Ɗaya cike da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa, ɗayan tufafina, a can ƙasansa kuma ga farin alawayyo a naɗe, wanda na saya a Makka shekarar da na sauke farali, na tsoma shi a ruwan zamzam, na shanya shi da hannuna. Ko almakashi bai taɓa shi ba. Na ja ka gefe na nuna maka, na ce wannan likkafanina ne, kuma ba ni da wata wasiyya sai guda: in ta Allah ta kasance, kada a binne ni a ƙasar da ruwa yake kwana a kabari, a mayar da ni Kano kusa da kakanka. Ban ɗora wa Latifa ba, don na san zuciyarta ba za ta ɗauka ba. Kai na ɗora wa. Ka dafa ƙirji ka ce, "Uwargida, ko a cargo ne, cikin kayan jirgi, sai na kai ki. Amma ki daina ƙiba, kuɗin kilo ake biya." Na jefe ka da takalmi. Tun daga ranar hankalina ya kwanta a ƙasar nan, don na san ina da mai kai ni gida.

Karatunka kuwa ya sha gori a bakina. 'Ya'yan mutane sun zo suna karanta likitanci da injiniyanci, kai ka ce tarihin tsofaffin gidajen manyan Turawa na karkara da gandayensu. Na ce ka baro ganuwar Kano tana zubewa, ka zo kana ƙirga tagogin wasu. Ka ce ai saboda ita ka zo, in ka koyi yadda waɗannan suka riƙe nasu gini shekara ɗari uku bai faɗi ba, sai ka koma ka riƙe namu. Na ce to Allah Ya sa kafin ka gama akwai sauran abin riƙewa.

Sai ka ɗauki al'adar zuwa ran Asabar. Ka taso daga gidanku na Perry Barr a Birmingham da 'yar motar nan taka mai tari, wani lokaci da matarka Hajar da 'yarku Raki, wani lokaci kai kaɗai, ka tsaya a ƙofa ka ce, "Uwargida ta fito mu je ganin gida. Wanda ya yi miki, shi zan saya." Sunayen gidajen ba sa zama a bakina, don haka ni na raɗa musu nawa. Akwai Gidan Barewa, inda na ga dabbobi sun fi ɗari suna kiwo a fili ba mai ce musu kanzil, na tambayi ko mutanen garin ba su san daɗin nama ba ne. A nan ka nuna min wani dogon rami da aka haƙa a ƙarshen lambu, wanda daga cikin gida ba a ganinsa, don dabbobi kada su shigo, maigida kuma kada katanga ta tare masa kallo. Akwai Gidan Makafin Tagogi, inda aka toshe wasu tagogi da bulo, ka ce a wani zamani gwamnatinsu ta sa haraji a kan yawan tagogi. Na ce ashe ƙin biyan haraji ba a kanmu aka fara ba.

Ni dai ido nake buɗewa ina kallon zinariya a rufin ɗaki da gadaje masu labule, amma kai kullum sai ka ja ni ƙasa. Ka ce wanda bai ga ƙarƙashin gida ba bai ga gidan ba. Can ne ka nuna min ƙararrawa jere a bango, kowacce da sunan ɗakin da ake kira daga ciki, da wata siririyar matakala ta baya da barori suke bi da gawayi da ruwan zafi don kada masu gida su yi ido biyu da su. Ka sa na ɗaga dutsen guga irin nasu, na ji nauyinsa har kafaɗa. Ka ce, "Kowane ɗaki mai ƙyalli da kika gani a sama, akwai gwiwar wata da ta ƙare a kansa." Kuma ba ka ɓoye min inda dukiyar ta fito ba. Wasu daga kuɗin hayar manoma, wasu daga ulu da kwal, wasu daga audugar da ta gina Manchester, wasu kuwa daga rake da gumin bayi baƙaƙe irinmu. Ba ka faɗa da zafi ba, ba ka kuma yi musu kwaskwarima ba.

Wanda ya fi ɗaure min kai shi ne gadonsu. Wai babban ɗa namiji shi kaɗai yake cinye gida da gandu, ƙannensa su kama gabansu, wani soja, wani limamin coci, mata kuwa sai abin da aure ya ba su. Na ce wannan ai zalunci ne da rana tsaka. Ka ce shi ya sa gidajen ba su tsattsage ba. Na ce, to da ya hana su tsagewa, ina masu su? Ka yi dariya ka ce nan ne na kama ka. Yaƙi ya cinye magada, barori suka tafi masana'antu, gwamnati ta sa haraji mai nauyi a kan gado, aka rushe gidaje da yawa, wasu aka miƙa su ga ƙungiyoyin adana kayan tarihi. Shi ya sa yau tsohuwa daga Kano take shiga ɗakin da a da manomin gandun ma bai isa ya leƙa ba, har ta zauna a rumfar shayi ta ce kek ɗinsu ya bushe.

Amma abin da ka yi min a watan Nuwamba, Sha'aban, na ce ba zan yafe ba, ga shi ka tafi ka sa dole na yafe.

Ka kai ni wani gida da na sa wa Gidan Tumaki, wanda a kansa kake rubutunka. Ka ce an rufe shi saboda sanyi, amma ma'aikatan sun san ka, za su bar mu mu shiga. Muna shiga na ja na tsaya. An sauke labule, ɗakuna sun yi duhu, an tsayar da agoguna. Kowace kujera, kowane tebur, kowane gunki, an lulluɓe shi da farin ƙyalle tun daga sama har ƙasa. Mutane suna tafiya a hankali suna magana ƙasa-ƙasa. Na kama hannun rigarka na ce, "Kai wane irin yaro ne? Ka kawo ni gidan makoki ba ka faɗa min ba, ga ni da jan mayafi?" Ka buɗe baki, sai na ga ka rufe. Na nufi wata budurwa mai suna Chloe, wadda na ga kamar ita ce babba a wurin, na rusuna, na kama hannuwanta biyu na ce, "Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙuri? Allah Ya ji ƙan rai, Ya ba ku dangana." Kai kuma, mugu, ka tsaya a gefe ka haɗe fuska kana fassara mata kalma bayan kalma kamar tafintan alƙali. Sai da na kai ga tambayar ko maigidan ya daɗe yana jinya, sannan ka fashe da dariya har ka dafa bango.

Ashe al'adar aikinsu ce. Duk shekara in sanyi ya shigo sai su rufe gidan, su goge komai da ƙananan burushi, su lulluɓe kayan don ƙura da haske kada su ci su, sai bazararsu ta zo a yaye. Maigidan da nake wa ta'aziyya ya fi shekara sittin a ƙasa. Chloe ta yi dariya har da hawaye, amma ba ta saki hannuna ba. Ta ce tunda take aiki a nan ba wanda ya taɓa yi wa gidan gaisuwa, ta roƙe ni in koya mata kalmar. Na koya mata. Kai kuwa daga ranar duk wanda ya kira waya daga Kano sai ka ba shi labarin yadda uwargidanka ta yi wa kujeru ta'aziyya.

Da muka fito, ka ce akwai sauran abu ɗaya. Muka ratsa fili cikin tumaki har muka kai wata ƙaramar coci ita kaɗai a tsakiyar ciyawa. Na ce wa ya gina wurin ibada a inda ba kowa? Ka ce a da akwai ƙauye guda a kewaye da ita. Wani daga cikin masu gidan ya ga bukkokin talakawa suna ɓata masa kallo daga taga, sai ya tashe su gaba ɗaya ya mayar da su bayan tudu. Masu rai suka tashi, matattu suka zauna. Ka nuna min hubbaren masu gidan, ƙato, da ƙofar ƙarfe da tsatsa ta cinye. Sannan ka kai ni jikin katanga, inda wani ɗan dutse ya karkace, gansakuka ta rufe rabinsa. Ka durƙusa ka share da hannunka. Suna ɗaya ne a jiki, Asher. Ka ce baƙar fata ne, an kawo shi daga ƙetaren teku, ya tsufa yana hidima a gidan nan. Sunan ma ba na iyayensa ba ne, su suka raɗa masa. Ba a san garinsu ba. Ka ce wa ya sani, ko daga wajajenmu aka kamo shi.

Na matsa kusa da dutsen. Na ɗaga hannu na ce in Musulmi ne Allah Ya ji ƙansa, in ba haka ba Allah Ya fi mu sanin bawansa. Sannan na juyo na ce maka, "Ka gani ko? Abin da nake gudu ke nan. Kabari a ƙasar mutane, ba mai zuwa, ba mai cewa Allah Ya ji ƙanka."

Ka ce, "Ai ga shi kin zo, kin kuma ce."

Na ce kada ka yi min wayon 'yan boko. Ka ce, "Ba wayo ba ne, Kaka." Ba ka cika kirana Kaka ba sai in da gaske kake. "Ga masu gida can da hubbare a ƙasar ubansu, yaushe rabon da a buɗe ƙofarsu? Shi kuwa duk zuwan da na yi sai na tsaya a kansa. Ba ƙasa ce take sa kabari ya zama maraya ba." Na ce ko ma dai mene ne, alkawarina yana nan. Ka ce yana nan daram, uwargida, ki dai kula da kilo.

Wata uku ke nan kacal. Wata uku.

Da muka isa Birmingham ranar Talatar nan, an ce ba za a ba mu gawarka ba sai hukuma ta gama binciken abin da ya yi sanadi, haka dokar ƙasar take ga wanda ya faɗi ba jinya. Mu da muka saba a yi sutura kafin rana ta faɗi, muka zauna muna jira kwana da kwanaki. A cikin jiran nan magana ta taso. Mahaifinka, ɗan farina da bakina bai saba da sunansa ba, ya bugo daga Kano, ya ce a kawo masa ɗansa. Abokanka na jami'a suka ce za su haɗa hannu a yi duk abin da ake yi. Liman ya ce gaggauta sutura ya fi, amma ba zai shiga tsakanin uba da ɗa ba. Hajar tana takure a lungu cikin hijabi, ita da aikinta yake nan, 'yarta kuma a nan aka haife ta. Daga ƙarshe mahaifinka ya ce, "A tambayi Hajiya. Abin da ta ce shi za a yi." Kowa a ɗakin ya san ra'ayina a kan ƙasar nan, don ba wanda ban cika wa kunne da shi ba. Har na ga wani yaro ya fara neman lambar masu jirgi.

Na buɗe baki zan ce Kano. Wallahi Kano ce a kan harshena. Sai Raki ta zo ta jingina da gwiwata, ta yi tambaya da Turancin nan nata na Birmingham wanda sai an fassara min. Latifa ta ce, cewa take yi, in an kai Baba wurin da zai kwanta, za a riƙa kai ta ta gaishe shi ran Asabar? Sai na ga ɗan dutsen nan a jikin katanga, na ga hannunka yana share gansakuka.

Na karɓi wayar na ce wa mahaifinka, "Ka yi haƙuri. Ka bar wa yarinyar nan ubanta inda ƙafarta za ta kai." Ya ce, "To, Hajiya." Allah Ya yi masa albarka, bai ƙara ko kalma ba.

Ranar da aka ba mu kai, masu wanka suka aiko cewa akwai likkafani a masallaci, kada mu damu. Na ce a'a. Na riga na sa an ɗauko min akwatina daga Manchester. Na fito da alawayyon nan, har yanzu da ƙamshin turaren da nake sa masa duk shekara. Latifa ta riƙe hannuna ta ce, "Hajiya, naki ne fa." Na ce na sani, ai ni na saya. Ni na riƙe gefe ɗaya, Hajar ta riƙe ɗaya, aka sa almakashi. Ƙarar yankan nan, Sha'aban, ita ce ta sa na yarda ka mutu. Kafin nan duk gani nake za ka turo ƙofa ka ce wasa kake yi, kamar na gidan kujeru.

Ana cikin zaman makoki sai aka ce wata Baturiya tana sallama. Chloe ce, ta yo tafiya tun daga Gidan Tumaki. Ta cire takalmi a bakin ƙofa ba wanda ya gaya mata, ta ratso mata har inda nake, ta rusuna, ta kama hannuwana biyu ta ce, "Ya haƙuri?" Da harshenta a karye, amma ba ta yi kuskure ba. Duk kukan da na riƙe tun ranar Talata a nan ya ƙwace min. Kafin ta tafi ta ce a watan Maris za su yaye ƙyallayen, ta roƙi in kawo Raki ta ga gidan da babanta yake so. Na ce za mu zo in Allah Ya kai mu, kuma akwai wani a jikin katanga da za mu tsaya wa, tunda mai tsaya masa ya tafi.

Ban bi ka maƙabarta ranar jana'iza ba, maza ne suka kai ka. Amma Juma'ar da ta biyo baya Latifa ta kai ni, ni da Raki. Ana yayyafi, ƙasar ta jiƙe sharkaf, irin wadda na rantse ba za ta rufe ni ba. Na tsaya a kanka na yi maka addu'a, sannan na duba gefenka na ga akwai sauran fili. A mota na ce wa Latifa wasiyyar nan tawa na janye ta. In kwanana ya ƙare a Kano, a sa ni kusa da kakanka. In kuwa a nan ya ƙare, kada a wahalar da kowa da jirgi, a kawo ni Birmingham. Mace ai ɗakin mijinta take bi.

Ya Allah, ga bawanka Sha'aban ya zo maka a watan da aka haife shi, ba shiri, ba sallama. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata masa kabarinsa, Ka haskaka shi. Yadda ya share kabarin wanda bai sani ba, Ka share masa zunubansa. Ka ba shi gida a Aljanna Firdausi wanda ya fi duk waɗanda ya kai ni gani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga mahaifinsa da mahaifiyarsa da 'yan'uwansa a Kano, waɗanda na hana su ganin gawarsa, ina roƙon su yafe min. Ga Hajar, Allah Ya ba ki juriyar takaba, Ya zame miki gata. Ga Raki, Allah Ya raya ki, Ya sa ki zama mai yi masa addu'a. Ga goggonsa Latifa, da abokan karatunsa da malamansa, da jama'armu ta Manchester da Birmingham da suka tsaya mana da abinci da mota da ɗaukar makara, Allah Ya saka da alheri, Ya sa mu cika da imani.

Kai kuma maigida, gidan da ka ce za ka saya min ba ka saya ba, Kanon da ka ce za ka kai ni ba ka kai ni ba, likkafanin ma ka tafi da shi. Na yafe duka. Ka dai matsa min wuri.